Labarin Mutanen Tswana

Jawabin da aka yi wa ɗaliban ajin manya a Aliero

Yau zan ba ku labarin waɗansu mutane da ke zaune can kudancin Afirka, ana ce da su Tswana. Ƙasarsu Botswana, ta sami mulkin kai a 1966, amma waɗanda ke cikin Afirka ta Kudu sun fi yawa. Galibin Botswana hamada ce mai suna Kalahari. Saboda ƙarancin ruwa, ba abin da suke girmamawa kamar ruwan sama. Sunansa a bakinsu pula. Da shi suke sa wa taro albarka, har kuɗin da suka buga a 1976 ma Pula suka raɗa masa.

Abincinsu na gado tuwon dawa ne kamar namu. Dukiyarsu kuwa shanu. Bisa al'adarsu magidanci yana da mazauni uku, watau gida a gari, bukka a gona, da mashekari can daji wurin shanu.

To, ga abu biyu da na ke so ku riƙe. Na fari, mafisa. Tun zamanin kakanninsu mai shanu da yawa ya kan ba matalauci waɗansu riƙo. Matalaucin ya sha nono, ya yi huɗa da su, kadan ya kiwata su da kyau a ba shi maraƙa ta zama tasa. Wanda ya san habbanayen Filani ya gane wannan.

Na biyu, kgotla, watau dandalin ƙofar sarki. Nan a ke shari'a, nan a ke shawarar gari, har wa yau. Kowa yana da iko ya miƙe ya faɗi abin da ke ransa, sarki na saurare, kana ya yanke magana daga ƙarshe. Suna da karin magana mai cewa da jama'a sarki ya ke sarki. A 1895 sarakunansu uku, Khama da Sebele da Bathoen, suka tafi Ingila suka roƙi kada a danƙa ƙasarsu ga kamfanin Cecil Rhodes. Aka kuwa karɓi roƙonsu.

'Yan'uwa, ku dubi namu. Mu a Aliero albasa ce arzikinmu, makiyaya kuwa maƙwabtanmu ne, daga nan har Jega da Maiyama. Kowa ya san abin da kan faru ran da saniya ta faɗa fadama. Wani ya ɗauki sanda, wani ya zare adda, ɓarnar kwando ɗaya ta jawo asarar rai. Garin nan ya yi suna wajen ɗori, amma gwanin maɗori ba ya ɗora zumuncin da ya karye. Kadan an yi muku ɓarna, ku kai ƙofar hakimi tun rana ba ta faɗi ba, a ji bakin manomi, a ji na makiyayi, a biya abin da ya wajaba.

Iyakar maganata ke nan. Allah ya ba mu damina mai albarka. Amin.