Jirgin da Ya Wuce Gida: Labarin Lady Be Good da Mutanensa Tara



Hausawa na cewa matambayi ba ya ɓata. A daren yau mun zo muku da labarin waɗansu samari tara da suka yi tambaya, aka ba su amsa ta gaskiya, amma duk da haka suka ɓata, ɓatan da ya ci rayukansu. Labarin wani jirgin yaƙi ne na Amurka a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, wanda kakanninmu ke kira Yaƙin Hitila.

Jirgin nan irin wanda ake kira B-24 Liberator ne, babban jirgi mai inji huɗu da aka ƙera don ɗaukar bama-bamai masu nauyi zuwa nesa. Amurkawa sun ƙera irinsa fiye da 18,000 kafin yaƙi ya ƙare. Bisa al'adar sojojinsu ta laƙaba wa jirage suna, wannan an sa masa Lady Be Good, sunan wata waƙa da ta yi tashe a ƙasarsu. A watan Maris na 1943 aka haɗa shi da runduna ta 376 ta masu jefa bom, wadda ke da sansani a Suluk, kudu da birnin Bangazi a ƙasar Libiya.

Mutum tara aka ba wa jirgin. Laftana William Hatton shi ne matuƙi, Robert Toner mataimakinsa, D. P. Hays mai lissafin hanya, John Woravka kuma mai sakin bom. Sauran biyar masu muƙamin saje ne: Harold Ripslinger mai kula da inji, Robert LaMotte mai wayar iska, sai masu bindiga uku, Guy Shelley da Vernon Moore da Samuel Adams. Dukkansu sabbin zuwa ne, ba su taɓa fita farmaki ba, jirgin ma haka.

Ranar 4 ga Afrilu 1943 aka umarci jirage 25 su ƙetare Bahar Rum su jefa bom a tashar jiragen ruwa ta birnin Naples a Italiya. Da rana suka fara tashi, cikin guguwar rairayi. Rairayin ya shiga injinan waɗansu har suka juyo. Lady Be Good yana cikin na ƙarshen tashi, bai kuwa cim ma sauran ba. Ko da ya kusanci Italiya dare ya yi, ba a ganin abin da aka zo nema, sai suka juya, suka zubar da bama-bamansu a teku, suka nufo gida su kaɗai.

Nan ne zancen yake, muna roƙon ku saurara da kyau. Jim kaɗan bayan sha biyun dare Hatton ya kira ƙasa ta wayar iska, ya ce na'urar jirgin mai nuna alƙibla ta daina aiki, yana neman a faɗa masa inda ya dosa. Wata tasha kusa da Bangazi ta auna inda muryarsa ke fitowa, ta ba shi amsa: digiri 330. Wannan kuwa shi ne layin da ya miƙe daga Bangazi zuwa wajen Naples. Masu jirgi suka ɗauka suna bisa hanya, gida na gaba.

Sai dai na'urar tashar nan tana da wani aibi. Tana iya gane layin da murya ke kai, amma ba ta rarrabe gaba da baya. Ko jirgi yana arewa da tasha yana tahowa, ko ya riga ya wuce yana kudu da ita, lissafi ɗaya za ta nuna. Ku ɗauka mutum ya taso daga Kano cikin dare zai je Zariya, ya tambaya ko wannan ce hanyar Zariya, aka ce masa ita ce. Ba a yi masa ƙarya ba. Amma ba wanda ya gaya masa cewa ya riga ya bar Zariya a baya, Kaduna ya nufa. Ga kuma iska mai ƙarfi tana tura jirgin ta baya, saboda haka ya ƙetare teku da sauri fiye da yadda suka ƙiyasta. A sansani an ji ƙarar jirgi a sama, an harba wutar ishara, ba su gani ba. Cikin duhu kuwa, shimfiɗar hamada da shimfiɗar teku kusan kamanninsu ɗaya daga sama.

Haka suka yi ta kutsawa cikin Sahara wajen awa biyu. Da misalin ƙarfe biyu na dare mai ya ƙare, injina suka fara mutuwa. Suka diro da laima, suna sanye da rigunan hana nutsewa, don a zatonsu ruwa ne a ƙarƙashinsu. Jirgin ya ci gaba shi kaɗai har mil 16, sannan ya sauka da cikinsa, ya karye biyu, mil 440 daga sansaninsa. Masu bincike kuma a teku suka fi neman su, don ba wanda ya yi tsammanin suna kudu.

Laimar Woravka ba ta buɗe sosai ba, nan take ya rasu. Sauran takwas suka yi ta harba bindiga da wutar ishara har suka haɗu. Guzurinsu na ruwa rabin gora ɗaya ce tak, kowa cikin murfinta sau ɗaya a yini. Suka yanke shawara su nufi arewa maso yamma, bisa zaton gaɓar teku ba nisa. Suna tafe suna barin alama, suna jera takalma da yankunan laima kamar kibiya, suna danne su da duwatsu, ko mai nema zai gani. Da rana zafi da rairayi suna cin idanunsu, da dare sanyi ya hana su barci.

Mun san waɗannan abubuwa ne domin Toner ya riƙa rubutu a ɗan littafin aljihunsa kowace rana. Bayan sun taka wajen mil 80, ranar 9 ga Afrilu, biyar suka kasa: Hatton da Toner da Hays da LaMotte da Adams. Shelley da Ripslinger da Moore suka ci gaba neman taimako, suka shiga cikin tuddan rairayi. Rubutun Toner na ƙarshe na ranar 12 ga Afrilu ne.

Shekara goma sha biyar ba labari. A 1958 waɗansu Turawan Ingila masu neman man fetur suka hango jirgin daga sama, a 1959 kuma aka isa wurinsa ta ƙasa. Busasshiyar iskar hamada ta adana shi. An tarar da bindigoginsa suna harbi, wayar iskarsa tana aiki, ga kuma sauran abinci da ruwa a ciki. A watan Fabrairu na 1960 aka sami gawarwakin mutum biyar ɗin nan wuri ɗaya, tare da littafin Toner. A watan Mayu aka sami Shelley da Ripslinger can gaba, a watan Agusta kuma Woravka. Moore kaɗai ne ba a tabbatar da samun gawarsa ba. A 1994 hukumomin Libiya suka kwashe ragowar jirgin zuwa Tobruk, waɗansu sassansa kuma suna gidan tarihin sojan sama na Amurka a Dayton, cikin jihar Ohayo.

Abin da ya fi taɓa zuciya shi ne, da sun juya kudu sun bi jirginsu, mil 16 kacal, da sun iske ruwa da inuwa da hanyar kiran taimako. Ba ma faɗin haka don mu zarge su. Mutanen da suka taka mil 80 da rabin gora ba ragwaye ba ne, jarumtakarsu ta kai matuƙa. Amma jarumtaka ba ta gyara lissafin da aka fara bisa kuskure. Kowane taku da suka yi da ƙarfin hali, nesa ya ƙara kai su daga abin da zai cece su. Rashin sani ya fi dare duhu.

Wannan hamada ba baƙuwarmu ba ce. Ta cikinta ayarin fatake suka riƙa ratsawa tsakanin Kano da Tarabulus, da kuma tsakanin Wadai da Bangazi ta hanyar Kufra. Madugun kirki ba ya dogara ga alama ɗaya. Yana duban taurari, yana ƙirga zango, yana tambayar jagora, in biyu suka saɓa sai ya tsaya ya sake bincike.

'Yan'uwa, da yawa daga cikinmu za mu zauna a ofisoshi inda adadi ɗaya a takarda zai yanke hukunci kan rijiyar wani ƙauye ko maganin wani asibiti. Wata rana mu ne masu tambaya, kamar Hatton. Idan amsa ta zo daidai da abin da muke fata, a nan ne ya fi kamata mu sake dubawa. Wata rana kuma mu ne masu ba da amsa, kamar tashar nan. Bai isa a ce abin da muka faɗa gaskiya ne ba. Wajibi ne mu faɗi iyakar saninmu, mu ce ga abin da ma'auninmu ke gani, ga kuma abin da ba ya iya gani.

Kada kuma mu manta, jirgin nan mutuwa ya ɗauko zai kai wa mutanen wani birni, waɗanda su ma suna da iyaye da 'ya'ya. Yaƙi ya ci na sama, ya ci na ƙasa. Allah Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, Ya tsare mu da yin nisa a kan hanyar da ba ta ɓullewa.