Jawabi ga Al'ummar Zangunan Accra Kafin Saukar Damina

  

Ranka ya daɗe Sarkin Zango, da sauran sarakuna da masu unguwanni. Allah gafarta malamai, limamanmu da alarammomi. Iyayenmu mata da magajiyoyi, shugabannin matasa, 'yan'uwa na Nima da Mamobi da Sabon Zango da Madina da Fadama da Ashaiman, sannunku da zuwa. Na gode da aka ba ni wannan dama. Maganata a yau kan ruwa ce, da kuma cutar da ke biyo bayan ruwa.

Zan fara da labarin gida, tun da kusan kowa a nan yana da wanda yake bugawa waya a can. A ranar 10 ga Satumba 2024, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle cikin dare, ruwa ya shiga Maiduguri mutane na barci. Ya cinye kasuwa, ya shiga asibiti da maƙabarta, ya rushe katangar gidan yari, ya kori dubban ɗaruruwan mutane daga gidajensu. Rabon garin da irin wannan tun 1994. Ba a yi wata guda ba gwamnatin Borno ta sanar da ɓullar kwalara. A daminar 2024 ɗin ce kuma ruwa ya kashe fiye da mutum 300 a Jamhuriyar Nijar, Maraɗi ta ji jiki sosai, tsohon masallacin Damagaram da aka gina tun ƙarni na 19 ya rushe. Sai kuma asubahin 29 ga Mayu 2025, lokacin da ambaliya ta afka wa Mokwa a jihar Neja. Unguwanni biyu da suka fi shan wahala su ne Tiffin Maza da Unguwar Hausawa. An tabbatar da mutuwar sama da mutum 200, ciki har da almajirai, wasu da yawa kuma ba a ga ko gawarsu ba. Allah Ya jiƙansu, Ya ba iyalansu haƙuri.

Mun yi ta'aziyya, mun yi addu'a, masu hali sun aika da abin da ya sawwaƙa. Madalla. Amma Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Mutanen Unguwar Hausawa ta Mokwa irinmu ne: baƙi ne da neman abinci ya kai su, suka zauna inda aka ba su wuri, a kwari, cikin cunkoso. Kakanninmu ma da fataucin goro da na shanu ya kawo su wannan ƙasa, haka suka zauna. Ku dubi inda gidajenmu suke. Babbar kwatar da ta ratsa Nima da Mamobi tana zuba cikin kogin Odaw, shi kuma ya faɗa tafkin Korle kafin ya kai teku. Duk inda hanyar nan ta toshe, ruwan gidan wani zai nema.

Ba sai an ba mu labari ba. Manyan da ke nan sun tuna daren 3 ga Yuni 2015. An yi ta ruwa kamar da bakin ƙwarya, mutane suka fake a gidan mai da ke Kwame Nkrumah Circle, mai ya malale a kan ruwa, wuta ta tashi. Fiye da mutum 150 suka rasu, Shugaba John Mahama ya ayyana makokin kwana uku. Shekara guda kafin nan, a 2014, kwalara ta kama sama da mutum dubu 28 a Ghana, ta kashe fiye da 200, kuma yawancinsu a nan Accra ne. A Oktoban 2024 ta sake ɓulla a yankin Ada, ta bazu zuwa wasu sassan ƙasar.

Abin da nake so mu tafi da shi gida shi ne wannan: saukar ruwa ikon Allah ne, amma toshewar kwata aikin hannun mutum ne. Idan muka haɗa su biyun muka ce ƙaddara, mun ɗora wa ƙaddara laifin da ba nata ba. Ledar fiya wata da muke yarwa, sharar da ake jira hadari ya haɗu a tura yara su juye ta cikin kwata, shagon da aka gina a kan hanyar ruwa, duk mun san masu su, domin mu ne.

Ban ce hukuma ba ta da nata kason ba. Yashe Odaw, kwashe shara a kan lokaci, hana gini a hanyar ruwa, waɗannan sun fi ƙarfin mai unguwa. A 2019 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 200 don aikin magance ambaliya a kwarin Odaw, kuma Nima na cikin unguwannin da aka ambata. Haƙƙinmu ne mu tambayi 'yan majalisa da wakilanmu na ƙaramar hukuma inda aka kwana, cikin ladabi, a rubuce, ba sai lokacin zaɓe ba. Sai dai wanda ya share ƙofar gidansa ya fi samun bakin tambaya.

Yanzu ga maganar lafiya, kuma ina roƙon iyayenmu mata su kasa kunne, domin su ne likitocin farko a kowane gida. Idan ruwa ya janye, sai mu ce an tsira. A lokacin ne ma haɗarin yake farawa. Ambaliya tana kwaso abin da ke cikin masai ta haɗa da rijiya da fasasshen famfo da kwanukan girki. Kwalara ta baki take shiga, ta ruwan sha da abinci da hannun da ba a wanke ba. Alamarta gudawa ce tsululu, fara kamar ruwan wankin shinkafa, sau da yawa da amai. Abin da ke kisa shi ne ƙarewar ruwan jiki, kuma tana iya kayar da ƙato cikin sa'o'i kaɗan. Wanda ya kwana da ita yana jiran gari ya waye, ko yana jiƙa sassaƙe, yana wasa da rai.

Maganin farko yana cikin kicin ɗinku. Lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, wato ledar fiya wata biyu, a zuba sukari ƙaramin cokali shida a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali. A dama, a riƙa ba marar lafiya kaɗan-kaɗan ba tsayawa, ko da yana amai, ana kan hanyar asibiti. In akwai ƙullin ORS na kemis, ya fi. Kada a ƙara gishiri don a ga kamar zai fi aiki, yawansa illa ne. Mai shayarwa ta ci gaba da ba jariri nono. Ruwan sha kuwa a tafasa shi, ko a sa masa ƙwayar kulorin, a rufe shi, a daina tsoma kowane kofi a randa.

Jama'a da yawa a Accra a hannun matanmu suke karya kumallo: koko da ƙosai, wake da shinkafa, tuwon zafi. Wannan abin alfahari ne, kuma amana ce. Mai sayar da abinci ta ajiye ruwa da sabulu, ta rufe tukunya, ta sayar da shi da zafinsa. Haka nan butocin masallaci da randunan makarantun allo, a samu mai kula da su. Allah gafarta malamai, akwai kuma batun gawa. Wanda kwalara ta kashe, jikinsa na ɗauke da cutar. A yi masa sutura yadda addini ya tanada, amma da safar hannu da shawarar ma'aikatan lafiya, kuma waɗanda suka yi wankan kada su taɓa abincin zaman makoki.

Masu hawan jini da ciwon sukari, da masu juna biyu, ku haɗa magungunanku da katin asibiti da takardun shaida a leda guda, ku rataye a sama. Katin inshorar lafiya na NHIS ana sabunta shi ta waya da *929#. Kada a bari sai an kai mutum gadon asibiti a tarar ya daina aiki. Lambar gaggawa 112 ce. Idan ruwa ya fara shiga ɗaki, a kashe wutar lantarki. Kada a ratsa ruwa mai gudu, ko da bai kai gwiwa ba, domin yana kayar da babba, kuma ba ka ganin ramin da ke ƙarƙashinsa.

Matasa, ku ne masu waya. A 2014, lokacin Ebola, saƙo ya yawata a Najeriya cewa a yi wanka da ruwan gishiri a sha, mutane suka kwanta a asibiti, wasu suka mutu. Kafin ka tura bidiyo ko magani a WhatsApp, tambayi kanka wa ya faɗa, kuma yaushe. Labarin hadari a nemi hukumar hasashen yanayi da hukumar kula da bala'o'i ta NADMO, labarin cuta a nemi ma'aikatan lafiya.

Ranka ya daɗe, ga roƙona guda uku. Na farko, kowace unguwa ta tsayar da ranar gayya ta yashe kwata kafin ruwan Yuni, a kuma kwashe abin da aka fito da shi, kada a tara shi a baki ruwa ya mayar. Na biyu, kowane mai unguwa ya rubuta gidajen da ke da tsofaffi da naƙasassu da makarantun allo da ke kwari, a san masallaci ko makarantar da za a kai su idan dare ya yi. Na uku, a buɗe asusun gaggawa, kowane gida ya riƙa sa abin da zai iya, da amintattu uku masu karanta lissafi a bainar jama'a. Mun iya adashi don biki da suna, ba zai gagare mu don ceton rai ba. Limamai kuma su taimaka mana da huɗuba ɗaya a kan wannan kafin damina ta kankama.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kare mu da zuriyarmu, Ya zaunar da Ghana da ƙasashenmu na asali lafiya.