Faifan Juyi: Ma'ajin Ƙarfi a Motocin Lantarki



Dukanmu mun san faifan ƙarfen nan mai nauyi da ke jikin injin niƙa, wanda kan ci gaba da juyawa bayan an kashe injin. Ƙarfin da ya tara ne yake amayarwa. A kan wannan hikima masana suka gina wata hanyar tafiyar da mota: lantarki ya juya faifan, in an tashi tafiya faifan ya juya janareta, wuta ta koma ga ƙafafun mota. In an taka birki kuwa, ƙarfin da zai salwanta a zafi sai a mayar da shi cikin faifan. Sirrin yana ga gudu, domin in an ninka gudun faifan sau 2, ƙarfin da ya ajiye kan ninku sau 4.

Kamfanin Oerlikon na ƙasar Suwizalan ya ƙera bas mai suna Gyrobus, wadda ta fara jigila a garin Yverdon a 1953. Faifanta ya kai kilo 1,500, yana juyi 3,000 a minti ɗaya. Takan sha wuta a tasha cikin 'yan mintoci, ta yi tafiyar kusan kilomita 6. A 1955 aka kai irinta 12 birnin Leopoldville, wato Kinshasa ta yau. Amma rashin kyan hanya, da saurin cinyewar kayan ƙarfe, da yawan shan wuta suka sa aka ajiye su a 1959, aka koma ga dizal.

Dabarar ba ta mutu ba. A 2012 motar Audi R18, mai haɗa dizal da lantarki, ta lashe tseren Le Mans na Faransa da ƙaramin faifai mai juyi a rufaffen gida da aka zuƙe iskarsa. Faifai ya fi batir saurin karɓar caji da jure maimaici, amma ba ya riƙe ƙarfi ya daɗe, shi ya sa batir ya mamaye kasuwa.

Jama'a, darasin Kinshasa shi ne namu. Duk na'urar da aka sayo ba tare da hanya, da kayan gyara, da ƙwararrun makanikai ba, kwananta ƙidayayyu ne. Motocin lantarki sun fara shigowa biranenmu. Mu tura 'ya'yanmu koyon aikinsu tun yanzu, domin da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.