Aikin Gayya a Makaranta: Jawabi ga Jama'ar Jikwoyi

Tun da Gwamnatin Tarayya ta ƙaura daga Ikko zuwa Abuja a 1991, jama'a suka yi ta kwarara zuwa garuruwan gefe irin su Jikwoyi, har ajujuwa suka cika maƙil. Dokar ilmi ta 2004 ta ba kowane yaro karatun shekara 9 kyauta, amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Saboda haka lalle ne a raya aikin gayya. Kafinta ya gyara benci, magini ya toshe tsagar bango, iyaye su tsallakar da yara hanyar Karshi, babban ɗalibi ya yi wa ƙarami bita. Rufin aji idan ya yi yoyo da damina, ɗan kowa yake jiƙawa.