Ganuwa da Ƙofa: Shigar da Buɗaɗɗiyar Manhaja a Ma'aikata



An nemi in yi magana a kan wata matsala da ke damun da yawa daga cikinku da suka fara aikin gwamnati ko na kamfani. Mutum ya zauna a ofis, yana bukatar manhajar da zai yi lissafi ko ya tsara rahoto, ya san akwai irinta kyauta, amma da ya nufi ɗauko ta sai na'ura ta ce masa an toshe hanya. Abin da ya tare shi wani shinge ne da ma'aikata ke kafawa tsakanin kwamfutocinta da intanet, wanda ni na fi son in kira shi ganuwa. Tun da yake haka, ku yi mini izini in fara daga Kasuwar Kurmi.

Tarihin Kano ya nuna Sarki Gijimasu ne ya fara gina ganuwa, kuma a zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, aka kafa Kurmi. Ku lura, kasuwar da ta tara kayan Agadas da Gonja da Tarabulus a cikin ganuwa take, ba a bayanta ba. Fatake ba su taɓa haurawa ta kan katanga ba. Ta ƙofa suke shigowa, Sarkin Ƙofa ya ga kayansu, su sauka gidan fatoma, shi kuma ya haɗa su da dillali. Wani Baturen Birtaniya, Clapperton, da ya zo Kano a 1824, ya ba da labarin wata al'ada da ta burge shi: idan aka sayar da riga, akan sa sunan dillali a cikin ƙunshin, ta yadda ko an kai ta gari mai nisa aka tarar da aibu, za a komo da ita a karɓi kuɗi.

To, buɗaɗɗiyar manhaja ita ce wadda masu ita suka bayyana rubutun da aka gina ta da shi, kowa ya karanta, ya gyara, ya raba. Richard Stallman ya soma wannan tafiya a Amurka a 1983, Linus Torvalds ya fito da Linux a 1991, LibreOffice kuma ta bayyana a 2010. Ga ma'aikaci mai ƙaramin albashi wannan alheri ne babba, domin ta raba shi da kwafin sata da ake tallansa a faifai, wanda babu mai sanin abin da aka cusa a cikinsa.

Ni kaina na taɓa haurawa. A wata ma'aikata da na yi aiki, na gaji da jiran izini, na jona wayata da kwamfutar ofis na ɗauko abin da nake so. Aiki ya yi kyau, amma da aka gano sai da na rubuta takardar ba da haƙuri, kuma na ga yadda ran jami'in kwamfuta ya ɓaci, domin da wata cuta ta shigo, shi za a fara tuhuma.

Kada ku ɗauka tsoronsa na banza ne. A watan Maris na 2024 wani injiniya mai suna Andres Freund ya lura cewa shiga wata na'ura na ɗaukar kusan rabin daƙiƙa fiye da yadda ya saba. Da ya bi diddigi sai ya tarar an haƙa ƙofar ɓoye a cikin wata ƙaramar manhaja mai suna xz, wadda kusan kowace Linux ke ɗauke da ita. Wanda ya yi aikin ya shafe wajen shekara biyu yana taimako kamar mutumin kirki har aka amince da shi. Buɗewar rubutun ce ta sa aka kama shi, amma kuma ta wannan buɗaɗɗiyar ƙofa ya shigo. Ramin ƙarya ƙurarre ne, gaskiya ne, sai dai kafin a kai ƙarshensa ana iya yin ɓarna.

Saboda haka ga hanyar ƙofa. Ma'aikatu da yawa suna da na'ura guda da ke tsaye a matsayin fatoma, duk mai neman wani abu a waje ta hannunta zai bi. Sau da yawa ba hana ka aka yi ba, manhajar da kake ɗauko kaya da ita ce ba ta san adireshin fatoman ba. Ka tambayi jami'i adireshin da lambar ƙofar, ka rubuta su inda ya kamata, sai ka ga hanya ta buɗe. In kuwa an hana da gangan, ka rubuta takarda: sunan manhajar, inda ta fito, irin lasisinta, aikin da za ka yi da ita, da kuɗin da za ta rage wa ma'aikata. Shugaban da bai fahimci kwamfuta ba ya fahimci Naira.

Sannan sunan dillali. Sau da yawa manhaja ta kirki tana zuwa da wata doguwar lamba da ake kira SHA-256, haruffa da alƙaluma 64, wani lokaci har da sa hannun masu ita. Ko harafi ɗaya aka sauya a cikin kayan, lambar ba za ta dace ba. Kwatanta ta bai fi minti ɗaya ba, amma kaɗan ne daga cikinmu ke yi. Idan ka kai wa jami'i manhaja tare da wannan shaida, ka roƙe shi ya ajiye kwafi a na'urar cikin gida, domin wanda zai zo bayanka, a sashen kuɗi ko na ƙididdiga, ya ɗauka daga can ba tare da ya sake fita waje ba.

Shugaban taro, na ga lokaci ya ƙure. Mai tambaya ya ɗaga hannu.