Rikodar da ke tsayawa da kanta

A gidajen Gaya da ƙauyukan Ajingi har yau akwai kwalaye cike da kaset-kaset na Shata, Ɗanƙwairo da tafsirin azumi. Abin saurarensu ne ke ƙaranci.

Kamfanin Philips ya fito da kaset a 1963. Daga baya aka samu rikodoji masu maɓallan lantarki, kuma su ne ke wahalar da masu gyara. A danna, ta ɗan juya, ta tsaya cak. Mai gaggawa sai ya ce ƙwaƙwalwarta ta ƙone.

Galibi ba haka ba ne. Akwai ɗan maganaɗisu da ke juyawa tare da kaset, yana sanar da na'ura cewa zare na tafiya. Idan robar da ke jansa ta saki, ko ta narke ta zama baƙin danƙo, saƙon ya yanke, rikoda ta ɗauka kaset ya ƙare. Gogaggen mai gyara daga nan yake farawa, sannan ya goge ƙurar hunturu a maɓallai, ya sa mita ya auna wuta, ya duba kafasitocin da suka kumbura.

Sabuwar roba kuwa, wani lokaci sai an leƙa kasuwar Sabon Gari a Kano kafin a samu.

Jama'a, kafin a miƙa rikoda ga 'yan gwangwan, a bari mai gyara ya buɗe ta tukuna.