Tauraron da Ke Ɓuya Cikin Hayaƙinsa

Yau sharhinmu ya ɗaga kai sama, kan wani tauraro mai suna R Coronae Borealis.

A shekarar 1795 wani Baturen Ingila, Edward Pigott, ya lura da halinsa. Wani lokaci ga shi ido na iya hango shi. Cikin 'yan makonni sai ya dusashe, ba a ganinsa sai da babban madubin hangen nesa. Can kuma ya dawo sannu a hankali. Ba ya sallama, ba ya sa rana.

To, me ke faruwa? Yawancin taurari, har da ranarmu, cike suke da iskar haidurojin. Shi kuwa kusan babu ita a jikinsa. Hiliyom ya fi yawa, ga kuma kabon, wato sinadarin gawayi. Yakan fesar da kabon ɗin, ya huce, ya zama ƙura kamar baƙin tukunya. In ƙurar ta gitta tsakaninsa da duniya, shi ke nan, ya ɓuya. Bai mutu ba, lulluɓi ya yi.

A 2007 ya yi lulluɓin da ya ɗauki shekaru. Masana da yawa na ganin gawarwakin taurari biyu ne suka haɗe suka haife shi.